Neman tallafi da wurin baje koli daga Garwa: shaidar mai zane

Ni mai zane ne a Garwa, kuma rayuwata ta aiki ta rabu biyu: rabi a gaban ƙyallen zane, rabi a gaban takardu. Takardun ba nawa kaɗai ba ne. Masu zane, masu ɗaukar hoto, masu zayyana, masu aikin fata daga Marwa, marubuta waƙa daga Ngaundere da Kuseri, duk sukan kawo dosiyensu, wato tarin takardu da hotunan da ake neman tallafi ko wurin baje koli da su, a duba musu kafin su aika. Abin da zan shaida, bayan ganin waɗanda suka samu da waɗanda suka rasa, shi ne mu mutanen arewacin Kamaru ba a wurin basira ake kayar da mu ba. A wurin takarda ake kayar da mu. Sanarwa ta fito, wa'adi mako uku ko huɗu, mutum ba shi da hoton aikinsa mai kyau, ba shi da fasfo, ba shi da asusun banki, sunansa iri uku a takardu uku. Kafin ya haɗa wannan da wancan an rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan rubutu na ƙannena ne, maza da mata, don su shirya tun kafin a kira.

Abubuwan da ake nema iri uku ne, kuma wanda ya cakuɗa su ya ɓata lokacinsa. Akwai baje koli, inda ake rataye aikinka ko a ba ka dandali ka karanta waƙa. Akwai tallafi, wato kuɗi don wani aiki takamaimai ko don tafiya. Akwai kuma zaman aiki, wanda a bakinmu muke ce wa rezidans: a ba ka ɗaki da wurin aiki na makonni ko watanni a wani gari. Shi zaman aiki kala-kala ne. Wani yana biyan jirgi da masauki da kuɗin abinci da na kayan aiki. Wani ɗaki kawai zai ba ka, sauran a aljihunka. Wani ma kai za ka biya haya. Don haka layin farko da za ka nema a kowace sanarwa shi ne wanda ke faɗin abin da suka ɗauka da abin da suka bar maka. Wanda ya yi murna da wasiƙar karɓa kafin ya karanta wannan layin yakan wayi gari da gayyata a hannu, ba kuɗin mota ko zuwa Yawunde.

Sanarwa ba ta zuwa unguwar Hausare ta ƙwanƙwasa ƙofa, sai an bi ta. A intanet, kalmomin da ke buɗe hanya na Faransanci ne: appel à candidatures, appel à projets, résidence d'artiste, bourse de mobilité. Shafin On the Move yana tara sanarwar da ake biyan kuɗin tafiya, kuma ya fitar da jagorar masu ba da kuɗin tafiya ga 'yan Afirka. Res Artis da TransArtists suna jera wuraren zaman aiki na duniya, amma da yawa a cikinsu na biya ne, sai an tace. Mujallar Contemporary And tana da sashen damammaki na masu zane 'yan Afirka. Ka ware rana ɗaya a mako, ka duba waɗannan, ka rubuta a littafi: sunan shiri, ranar rufewa, shekarun da aka yarda, ƙasashen da aka yarda, harshe, da abin da ake biya. Yawancin shirye-shiryen nan suna dawowa kusan lokaci ɗaya kowace shekara, saboda haka sanarwar da ta wuce ka bana ita ce kalandarka ta baɗi.

Amma kafin intanet akwai ƙafa, kuma ina ganin nan ne matasanmu suka fi yin sakaci. Kowa idonsa na kan Faris, alhali alƙalan Faris, wato masu tantance dosiye, abin da za su fara dubawa shi ne me ka yi a gida. A Garwa akwai cibiyar Alliance ta harshe da al'adun Faransa, mai ɗakin karatu da dandali. A Njamena akwai Institut français da cibiyar Al-Mouna da gidan al'adu na Baba Moustapha, kuma mutumin Kuseri gadar Ngeli kawai zai tsallaka. A kowane babban birnin yanki akwai wakilcin ma'aikatar fasaha da al'adu, inda ya kamata a san fuskarka da sunanka, domin ta nan ake bi wajen FENAC, bikin fasaha da al'adu na ƙasa, wanda aka taɓa yi a Marwa a 2008, kuma ta hannun gwamnatin ƙasa ake tura 'yan takarar Wasannin Ƙasashe Masu Amfani da Faransanci. Waɗannan wasanni ba guje-guje kaɗai ba ne: akwai gasar zane, sassaƙa, ɗaukar hoto, gajeren labari da tatsuniya, ga masu shekara 18 zuwa 35. An yi su a Yamai a 2005, a Abijan a 2017, a Kinshasa a 2023. Ko baje koli na mutum huɗu a zauren makaranta ne, in an buga takardar sanarwa mai kwanan wata aka ɗauki hoto, ya zama layi a tarihin aikinka. Wanda ba a ɗauki hotonsa ba, a wurin alƙali kamar ba a yi shi ba.

Mataki na gaba shi ne kudu. A Duwala akwai cibiyar fasaha mai suna doual'art, da Marilyn Douala Manga Bell da Didier Schaub suka kafa a 1991, akwai kuma Galerie MAM. A yamma akwai Bandjoun Station na Barthélémy Toguo. A Yawunde akwai Goethe-Institut da Institut français. Waɗannan wurare ne masu zaɓen ayyuka daga waje suke sauka idan sun zo Kamaru, kuma da wuya su hau jirgin ƙasa su zo mana. Idan wata hidima ta kai ka Yawunde, kada ka ƙare kwanakinka duka a Birketiri, unguwar Hausawa, wurin 'yan'uwa. Ka ɗauki dosiyenka ka je buɗe baje koli, ka gaisa, ka bar lambar waya.

Daga nan sai sauran Afirka. Bikin Dak'Art na Dakar, babban baje kolin fasaha da ake yi duk bayan shekara biyu, yana da zaɓen hukuma mai wuyar shiga, yana kuma da ɓangaren OFF, inda ƙungiya za ta iya neman wuri ta shirya nata nunin da kuɗinta. Masu hoto suna da taron Bamako tun 1994. Masu dandali, har da masu silam, wato rubutacciyar waƙar da ake karantawa da baki a gaban jama'a, suna da kasuwar MASA ta Abijan tun 1993. A Dakar ɗin dai akwai cibiyar fasaha ta RAW Material Company da marigayiya Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru, ta kafa a 2008, da Black Rock, wurin zaman aiki na mai zane Kehinde Wiley tun 2019. Asusun African Culture Fund, mai zama a Bamako, yana fitar da kira ga masu fasahar nahiyar tun 2018. Asusun Prince Claus na Holan yana ba matasa 100 kyautar Seed a shekara, kowa yuro 5,000, ga waɗanda ke cikin shekara biyar na farkon aikinsu. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wannan ya haura sefa miliyan 3 da dubu 279. A Faris kuwa akwai Cité internationale des arts, da aka buɗe a 1965, mai ɗakunan aiki fiye da 300, kuma Institut français yana da shirin da ke kai masu fasaha can. Nemansa yana ƙarfi idan wata cibiya ta gida ta tsaya maka, wanda ya sake mayar da mu kan maganar ƙafa.

Yanzu dosiye. Nan zan daɗe, don nan ake faɗuwa.

Hotunan aiki su ne kan gaba, domin alƙali mai dosiye ɗaruruwa a gabansa hoto yake fara kallo, in bai tsaya masa ba ba zai karanta wasiƙarka ba. Ka fitar da zanen waje, a inuwa, da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Ranar Garwa ta tsakar rana tana wanke launi, fitilar ɗaki tana mayar da fari ruwan ɗorawa, filashin waya kuma yana barin tabon haske a kan fenti. Ka rataye shi a bango marar ado, ka goge idon wayar saboda ƙurar hunturu, ka tsaya daidai tsakiyarsa yadda gefuna huɗu za su miƙe, ka kafa wayar a kan kujera ko bulo don kada hannu ya girgiza. Kada a ga tabarma ko buta ko ƙafar wanda ya riƙe. Idan sassaƙa ne ko aikin fata, a ɗauka ta gaba da gefe da baya, da ɗaya daga kusa da zai nuna ɗinki. Tsawon hoton ya kai fiksel 2,000 zuwa 3,000. Wani abu da ke lalata aikin mutane da yawa: hoton da aka tura ta WhatsApp kai tsaye ana matse shi, ingancinsa ya zube. A tura shi a matsayin dokima, ko ta waya da kwamfuta da igiya. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan aiki, shekara, abin da aka yi shi da shi, da girmansa a santimita, tsayi kafin faɗi. Ayyuka 10 zuwa 15 sun isa, na shekarun nan, waɗanda ke magana da juna. Mai sa komai da komai, zanen fuska nan, tambarin shago can, yana nuna bai san inda ya dosa ba. A haɗa su a PDF guda, a rage nauyinsa ya sauka ƙasa da iyakar da aka faɗa, wadda sau da yawa mega 5 ko 10 ce.

Ina so masu zayyana da masu ɗinkin hula da masu adon bango su ji wannan da kyau. Ba dole sai ka zana mutum ko dabba ba ne aikinka zai shiga baje koli. Zayyanar allo, dagi, aska takwas a kan riga, rinin fata, duk suna da wuri idan mai su ya ɗauke su da muhimmanci, ya yi jerin ayyuka masu tunani ɗaya, ya iya faɗin abin da yake nema a cikinsu. Gargaɗi ɗaya ga masu fata: fatar kada da ta mesa da hauren giwa suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, kuma za a iya ƙwace su a filin jirgi. Aikin da zai fita waje a yi shi da fatar akuya ko tunkiya ko saniya.

Sai tarihin aiki, shafi ɗaya ko biyu, daga na bana zuwa baya: baje koli, karatun waƙa, horo, abin da aka buga. Wanda bai yi makarantar zane ta Fumban ko Nkongsamba ko Mbalmayo ba kada ya ji kunya. Ya rubuta a wurin wa ya koya da shekara nawa, domin koyo a hannun gwani ma karatu ne. Kada a ƙara abin da ba a yi ba. Duniyar nan ƙarama ce, alƙalin da ke karanta takardarka mai yiwuwa ya san mai gidan da ka ce ka yi nuni a ciki. Bayan haka gajeren bayanin kai na kalma 100 zuwa 150, da bayanin aiki na kalma 200 zuwa 300: me kake yi, da me kake yi, me ya dame ka har kake yinsa. Nan ne ake cika takarda da «son zaman lafiya» da «raya al'adun gargajiya», kalmomin da ke cikin dosiyen kowa. Gara ka ce kana zana masunta da masu wanki a bakin Binuwai a watannin da ruwa ke janyewa, da launin da kake haɗawa daga jar ƙasa da baba da ƙaro. Wannan ba wanda zai rubuta shi sai kai.

Wasiƙar neman shiga ita kaɗai ce ake sabuntawa kowane karo, kuma tambaya uku take amsawa: me za ka yi, me ya sa sai a wannan wurin, me zai fito a ƙarshe. Wanda ya aika wasiƙa ɗaya wuri goma ana gane shi, wani lokaci har da sunan wurin farko a ciki. Kuma wasiƙa ba ta roƙo ba ce. Mun saba da ladabin neman alfarma, mu faɗi talauci da marayun da ke wuyanmu. Gaskiya ne, amma waɗannan mutane abokin aiki suke nema, sai a nuna musu aiki.

Maganar suna ƙarama ce a ido, amma ta hana mutane tafiya. A gida kai Usman ne, a takardar haihuwa Ousmanou, a Facebook wani laƙabi. Ke A'ishatu ce, a katin ɗan ƙasa Aïssatou. Duk inda aka nemi suna a fom, a rubuta shi harafi da harafi yadda yake a fasfo, domin da shi za a yanki tikiti, a rubuta gayyata, a tura kuɗi. Harafi ɗaya ya bambanta, banki ya mayar da kuɗin. Laƙabin fasaha yana da nasa gurbin. Haka ranar haihuwa: masu tsohuwar takarda mai cewa «an haife shi wajen shekara kaza» su bi abin da ke fasfo, musamman a shirin da ke da iyakar shekara 35. Fasfon Kamaru sefa 110,000 ne tun 2021, ana fara rajista ta intanet. Kuɗi ne mai nauyi, amma a tara shi a yi tun babu gayyata, saboda wasu fom ɗin lambar fasfo suke tambaya tun ranar nema.

Marubuta waƙa, taku hanyar ta fi ƙunci, ba zan ɓoye ba, domin mafi yawan gasa da harshen Turawa ake yi. Duk da haka akwai ƙofofi. Njamena gari ne na silam: Croquemort, likita kuma mawaƙi, shi ya assasa bikin N'Djam s'enflamme en slam, kuma a Njamena aka yi Kofin Afirka na Silam karo na farko a 2018. Ƙa'idar silam sananniya ce: minti uku, rubutunka na kanka, ba kiɗa, ba kayan wasa, kuma wuce lokaci yana cin maki. Sai a yi ta gwaji da agogo. A wannan birni akwai kuma bikin adabi na Le Souffle de l'Harmattan. Ta ɓangaren Hausa zalla, idonmu ya koma yamma: bikin littafi da fasahar Hausa na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021, da gasar Hikayata ta BBC Hausa ga mata marubuta gajeren labari tun 2016. Mai shiga irin wannan ta kula da daidaitacciyar Hausa, domin Hausarmu ta nan ta sha Fulatanci da Faransanci da Larabcin Cadi. A bakin taurarin labari wannan ado ne, amma rubutun kalmomi da rabuwarsu sai sun bi ƙa'ida. Ɗan Kamaru yana da wata dama da ɗan Cadi ba shi da ita: Kamaru ta shiga Commonwealth a 1995, don haka yana iya shiga gasar gajeren labarinsu, kyauta, kalma 2,000 zuwa 5,000, ana rufewa 1 ga Nuwamba, ana karɓar Faransanci da kuma labarin da aka fassara zuwa Ingilishi. Ga mai waƙa da Ingilishi wanda bai taɓa fitar da cikakken littafi ba akwai kyautar Sillerman, dala 1,000 da buga littafin a Amurka. Kuma kada a raina bugun gida: Djaïli Amadou Amal ta Marwa da littafin da aka buga a Yawunde ta ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019, kafin lambar yabon Faransa ta Goncourt, ɓangaren 'yan makaranta a 2020.

Idan za a aika waƙar Hausa inda ba a jin Hausa, a jera asali da fassara gefe da gefe, a haɗa da murya. Kari da amsa-amo ba sa tsallaka fassara, sai kunne ya ji. A ɗauki murya a ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, waya ta yi nisan taƙi ɗaya daga baki, minti biyu zuwa uku. Fassarar na'ura tana taimakawa a wasiƙa, amma a waƙa tana kashe karin magana, sai a nemi malamin Faransanci mai jin Hausa ya zauna da kai baiti baiti, a kuma rubuta sunansa a matsayin mai fassara. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan rikiɗe su zama akwati ko alamar tambaya a wasu fom, shi ya sa PDF ya fi aminci. Abu biyu kuma suna sa a jefar da waƙa ba a karanta ba: sa suna a jikin rubutun alhali an ce alƙalai ba za su ga suna ba, da aika abin da aka riga aka saka a Facebook alhali an ce wanda ba a taɓa bugawa ba. Gasa da yawa suna lissafa Facebook a matsayin bugu. Waƙar da kake ji da ita, riƙe ta.

Kasafin kuɗi shi ne inda ɗan arewa ke cutar kansa da kansa. Mai ba da tallafi yana lissafi daga filin jirgin Yawunde ko Duwala ko Njamena. Bai san cewa kafin ka isa can sai ka yi kusan kilomita 275 a mota daga Garwa zuwa Ngaundere, sannan ka kwana a jirgin ƙasa fiye da kilomita 600 ba, kuma sau biyu za ka yi wannan tafiya: ta neman biza da ta tashi. Ka rubuta su duka, da masauki da abinci. Bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ce tun 2024, kusan sefa 59,000, ban da kuɗin ofishin karɓar takardu, kuma ana buƙatar inshorar lafiya mai ɗaukar yuro 30,000, da fasfo mai shafi biyu fanko wanda zai ƙara wata uku bayan dawowa. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, to a nemi ranar ganawa ranar da gayyata ta iso. Zaman da ya wuce kwana 90 wata biza ce daban. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Mai zuwa Dakar ko Bamako ko Abijan ya tuna sefarmu ta Afirka ta Tsakiya da tasu ta Afirka ta Yamma darajarsu ɗaya amma ba a karɓar tamu a kasuwarsu, sai an canza, kuma canjin yana ci. A kasafin ka sa ladan aikinka, don ba haramun ba ne, ka sa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da ba a zata ba, kuma jimilla ta yi daidai da lissafi. Kasafin da bai haɗu ba yana zubar da amana nan take.

Kuɗin waje ta banki yake zuwa, ba ta Orange Money ko MoMo ko Airtel Money ba. A buɗe asusu da sunan fasfo, a karɓi takardar RIB, wato takardar bayanin asusu daga banki, mai lambar SWIFT da ake turo kuɗi daga waje da ita, a ajiye hotonta. Manyan tallafi kuma ba mutum ɗaya ake ba ba, sai ƙungiya mai rajista. Asusun UNESCO na bambancin al'adu yana kaiwa dala 100,000, amma ta hukumar UNESCO ta ƙasa ake fara tacewa, kuma ana duba tarihin ƙungiyar. A Kamaru akwai dokar ƙungiyoyi ta 1990 da kuma ta 2020 da ta shafi ƙungiyoyin fasaha da al'adu, sai a tambayi wakilcin ma'aikata abin da ake buƙata yanzu. Shawarata ita ce mutum biyar ko bakwai masu amana su kafa tasu tun yau, da tsarin mulki da asusu da littafin kuɗi, ko da aikin farko karatun waƙa ne a tsakar gida. Ƙungiyar da aka kafa mako biyu kafin rufe kira ba ta ruɗin kowa. A kuma yi rajistar ayyuka a hukumomin kare haƙƙin mallaka: SOCILADRA ga marubuta, SOCADAP ga masu zane, BUTDRA a Cadi.

Ranar aikawa kada ta zama ranar rufewa. Wuta tana ɗaukewa, intanet yana rarrafe, shafin ma yakan cushe a sa'o'in ƙarshe. A rubuta amsoshi a wani wuri daban a ajiye, sannan a kwafa cikin fom, don in ya mutu kada a fara daga farko. A aika kwana uku kafin wa'adi, bayan asuba lokacin da layi ke da sauƙi. A lura da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faris tana gabanmu da awa ɗaya, sha biyun darensu sha ɗayanmu ne. Dakar kuwa tana bayanmu da awa ɗaya. A ajiye saƙon da ke tabbatar da an karɓa, a riƙa leƙa akwatin tarkacen imel, domin amsar alheri takan faɗa can, wani lokaci da wa'adin kwana kaɗan na amsawa.

Akwai 'yan damfara, kuma sun san yunwarmu. Alamarsu: sun zaɓe ka ba ka nema ba, suna yabon aikin da ba su ambaci sunansa ba, suna son kuɗin rajista ko na biza ta wayar wani mutum, suna gaggawa. Wasu ba ɓarayi ba ne kai tsaye, gidajen nuni ne da ke sayar da bango ga duk mai biya, ko masu tara waƙoƙi a littafi su sayar wa marubutan kansu. Ka nemi sunayen waɗanda suka je bara, ka rubuta wa ɗaya ka tambaye shi. Ko a wurin gaskiya, kada zane ya bar hannunka ba takarda: sunan aiki, farashi, kason gidan nuni, wanda kan kai rabi, wa ke biyan kai da komowa, da ranar dawowa. Zanen ƙyalle ana cire shi daga katako a naɗe shi fenti na waje, don in fenti na ciki ne yana tsagewa, a sa takarda marar maiƙo a tsakani, a zura a bututun roba mai faɗin santimita 10 ko fiye. Fentin mai da bai bushe sosai ba kada a naɗe shi. Kafin fita ƙasa a nemi takardar ma'aikatar al'adu mai nuna aikin sabo ne, naka ne, ba kayan tarihi ba, don kwastan.

'Yan'uwana mata, ku tambayi abin da ya dame ku tun kafin ku amsa: ɗakin na mutum ɗaya ne, ana yarda da goyo, akwai wurin girki? Tambayar ba ta rage daraja. Wasiƙar gayyata mai tambari da cikakken adireshi da jadawalin kwanaki tana sauƙaƙa magana da maigida ko iyaye, kuma gara a fara maganar tun ranar nema. Kowa kuma ya duba ko kwanakin sun faɗa cikin azumi, domin yinin bazarar Turai yana da tsawo ƙwarai.

Ƙi ya fi karɓa yawa, ga kowa, har manya. In an ƙi ka, ka yi godiya a layi biyu, ka tambaya ko za su faɗi inda dosiyen ya gaza. Wasu suna amsawa, kuma amsar tana gyara na gaba. In an karɓe ka, aiki bai ƙare ba, domin sau da yawa ba a biyan kuɗin duka lokaci ɗaya, ana riƙe kason ƙarshe sai an ga rahoto. Mai sayar da fenti a kasuwa da ɗan acaɓa ba sa ba da rasit, saboda haka ka sayi littafin rasit naka, ka rubuta kwanan wata da kaya da kuɗi, mai kaya ya sa hannu da lambar wayarsa, ka ɗauki hotonsa a ranar kafin gumi da zafi su cinye tawadar. Tikitin mota da na jirgin ƙasa da katin shiga jirgin sama duk a ambulan ɗaya. Rahoton ya faɗi abin da aka yi, mutum nawa suka zo, me ya canza daga shirin farko da dalilinsa, da hotuna masu kwanan wata. Idan za ka karkatar da kuɗi daga wani layi zuwa wani, ka nemi izini a rubuce kafin ka taɓa. Masu ba da tallafi suna tambayar juna, kuma wanda ya ci kuɗi ya yi shiru yana jawo wa na bayansa daga garinsu ƙarin bincike. Kafin ka baro wurin ka roƙi shugabansa wasiƙar shaida mai tambari, da Faransanci, in ya yiwu da Ingilishi ma, domin kira na gaba zai nemi mutum biyu da za su tsaya maka.